Baƙin Allo da Kasuwar Doya: Waiwaye Kan Matakin da Muka Tsallake

A ranar 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ta kafa hedikwatarta a Lafiya, ɗan kasuwar da ke Legas ko Kano ba shi da hanyar sanin kuɗin ƙwaryar doya a Agyaragu sai ta bakin direban da ya dawo daga can. Layukan tarhon NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuma suna manyan birane da ofisoshin gwamnati. Wannan gari da ke kan titin Lafiya zuwa Makurɗi, inda Migili da Eggon da Alago da Tibi da Hausawa da Fulani ke haɗuwa suna ciniki, yana ciyar da mutanen nesa, amma labarinsa sai ya hau mota kafin ya isa ko'ina. A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, a 2003 Glo ta shigo da biyan kuɗin kira daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya karye, eriyoyi suka bi manyan tituna suna tsirowa. Yau dillali na ɗaukar hoton doya ya tura wa mai saye ta WhatsApp, kuɗi su shigo asusunsa tun 'yan lodi ba su gama cika mota ba. Duk wanda ya ce wannan ƙaramin sauyi ne bai san wahalar da aka sha a baya ba.

Sai dai a cikin wannan gudu akwai matakin da muka tsallake, kuma ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a koma a taka shi. Kowane saƙon WhatsApp, kowane taransifa, kowace rajistar JAMB, suna ƙarewa ne a wata kwamfuta da ke nesa wadda ba ta da allo ko linzami a gabanta, tana cikin wani ɗaki mai sanyi a Legas ko Abuja ko Landan. Ita ake kira sabar. Masu kula da ita ba sa zuwa wurinta da ƙafa. Suna shiga ne daga inda suke, ta wata taga mai baƙin allo da fararen haruffa, su rubuta mata umarni layi bayan layi, ta amsa musu a rubuce. Mun koyi zama masu amfani da abin da sabar ke bayarwa, ba mu koyi yi mata magana ba. Hujjar da zan kafa ita ce, wannan tsohuwar hanya ta rubuta umarni an ƙera ta ne a zamanin ƙarancin layi da ƙarancin na'ura, saboda haka babu wurin da ta fi dacewa da shi kamar garin da sabis ɗinsa ke ɗaukewa, wutarsa ke yankewa, kuɗin datarsa kuma ke da nauyi.

Kafin a gane haka sai an duba asalinta. A farkon shekarun 1960 kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki, kuɗinta kuwa sai babbar jami'a ko gwamnati. A 1961 masu bincike a MIT ta Amurka suka nuna cewa mutane da yawa za su iya amfani da na'ura ɗaya a lokaci guda, kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, tana juyawa tsakaninsu da saurin da zai sa kowa ya ɗauka shi kaɗai take saurare. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu a ɗakin binciken kamfanin Bell suka fara gina Unix a kan wannan tunani. Na'urar da suke magana da kwamfuta ta cikinta irin tafiretar nan ce mai haɗe da waya, wadda ke buga harafi goma kacal a daƙiƙa ɗaya a kan takarda. Wanda ke aiki da irin wannan na'ura ba zai so dogon zance ba. Shi ya sa umarnin Unix suke gajeru, harafi biyu ko uku, shi ya sa kuma idan aiki ya yi daidai kwamfutar ba ta cewa komai, sai an samu matsala take magana. Talauci ne ya koya wa wannan fasaha tattali, kuma har yau ba ta bar halin ba.

Abin da ya biyo baya gyare-gyare ne a kan harsashi ɗaya. Da farko ana shiga kwamfutar nesa ta hanyar da ake kira telnet, wadda ke aika komai a fili, har da kalmar sirri, ta yadda duk wanda ya laɓe a kan layi zai karanta. A 1995, bayan an sace kalmomin sirri a jami'arsa da ke Helsinki, wani mai bincike ɗan ƙasar Finlan mai suna Tatu Ylönen ya rubuta SSH, wadda ke ɓoye dukan abin da ke wucewa tsakanin mutum da sabar. A 1999 aka fitar da OpenSSH kyauta ga kowa, a shekarar kuma PuTTY ta fito don masu Windows. A ɗaya ɓangaren, Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, wanda ya ba duniya tsari irin na Unix ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, sannan a 2006 Amazon ta fara ba da hayar sabar awa-awa ga duk mai katin biya. Tun daga watan Nuwamban 2017 dukan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi, wayar Android da ke aljihun ɗan acaɓa ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Wato abin da ake gani kamar tsohon yayi shi ne ke riƙe da sabon yayin.

Mu kuwa ta wata ƙofa muka shigo. Imel na farko-farko a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990 ya bi ta hannun 'yan tsirarun masana, musamman a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, kuma waɗannan sun san layin umarni don ba su da wani zaɓi. Amma ba su da yawa, har ta kai ɓangaren fasaha na sunan Najeriya a intanet, wato .ng, ya shafe shekaru a hannun wani Ba'amurke mai suna Randy Bush yana kula da shi daga ƙasarsu, kafin a kafa ƙungiyar NiRA a 2005 don ta karɓi ragamar. Sauran jama'a sun haɗu da kwamfuta ne a shagunan intanet na shekarun 2000, inda ake sayen tikitin awa ɗaya, janareta na ruri a waje, shafi ɗaya na ɗaukar mintuna kafin ya buɗe. Makarantun koyon kwamfuta da suka bazu a Lafiya da Keffi da Akwanga, kamar takwarorinsu na ko'ina a ƙasar, sun fi ba da ƙarfi ga buga wasiƙa da tsara katin biki da lissafin tebur, domin abin da kasuwa ke nema ke nan. Daga nan wayar shafa ta zo ta shafe shagunan intanet ɗin ma. Aka wayi gari da tsara guda da ta ƙware wajen latsa hoto, ba ta taɓa ganin abin da ke bayan hoton ba.

Duk da haka, kuskure ne a ce mutanenmu baƙi ne ga rubuta umarni. Tsohuwar da ke sayar da agushi a kasuwar Agyaragu, wadda ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, ta shafe shekaru tana buga *556# don ganin abin da ya rage mata na kati, da hukumar NCC ta haɗe lambobin kamfanoni a 2023 kuma ta koma buga *310# ba tare da an buɗe mata aji ba. Mai sayen doya yana buga tauraro da lambar banki da adadin kuɗi da lambar asusu, ya rufe da alamar tsani, ya sa lambar sirrinsa, kuɗi su tafi. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya janyo ƙarancin takardar kuɗi, mutane da dama da suka rantse ba za su taɓa yarda da kuɗin waya ba sun koyi wannan cikin makonni, don ciniki ba ya jira. To mene ne wannan in ba layin umarni ba? Mutum ya rubuta jerin alamu a tsarin da ba ya karɓar kuskure, ya aika wa kwamfutar da bai taɓa gani ba, ta tabbatar da ko shi wane ne, ta aikata, ta amsa da rubutu. Ya riga ya san cewa lamba ɗaya in ta kauce komai ya kauce, ya san ba a ba kowa lambar sirri. Mafi wuyar darasin ke nan, kuma kasuwa ta riga ta koyar da shi.

Abin da ya rage a koya bai kai yadda ake tsoronsa ba. Asusu a kan sabar kamar ɗakin haya ne a wani babban gida da ke wani gari: mai gida ya ba ka ɗakinka da makullinka, kana da ikon shirya kayanka yadda ka so, kana iya bi ta zaure da tsakar gida, amma ɗakunan maƙwabta da ɗakin mai gida a kulle suke gare ka. Wanda ya buɗe maka asusun zai ba ka abu uku: sunan shiga, adireshin sabar, da kalmar sirri ko mabuɗi. Sai ka buɗe tagar umarni, wadda tun 2018 Windows 10 ke zuwa da SSH a cikinta, a wayar Android kuma manhajar Termux na yin aikin, ka rubuta ssh, ka bar fili, ka sa sunanka da alamar @ da adireshin. A karon farko za a nuna maka wata doguwar shaidar sabar ta haruffa da lambobi a tambaye ka ko ka amince ita ce. Wannan kariya ce daga wanda zai yi shigar burtu ya tsaya a madadinta. Sannan ta nemi kalmar sirri, kuma a nan yawancin sababbi ke rikicewa, domin kana bugawa ba ka ganin komai a allo, ko da ɗigo. Da gangan aka yi haka, don kada na kusa da kai ya ƙirga tsawonta. In ka shiga, za ka ga ɗan gajeren layi da ya ƙare da alamar dala, yana jiran abin da za ka ce.

Daga nan umarni goma sha biyu ko kusa da haka sun isa aikin makon farko. Da pwd kake sanin inda kake tsaye, da ls kake ganin abin da ke wurin, da cd kake matsawa daga wannan jaka zuwa waccan. Da mkdir ake ƙirƙirar sabuwar jaka, cp na kwafe fayil, mv na matsar da shi ko sauya masa suna, cat da less na nuna abin da ke ciki, nano kuma na buɗe shi don a yi rubutu. Da passwd ake sauya kalmar sirrin da aka ba ka, kuma shi ya kamata ya zama aikin farko. Da scp ake ɗauko fayil daga sabar zuwa na'urarka ko a kai shi can, da exit ake fita. Wanda ya manta yadda umarni ke aiki ya rubuta man da sunan umarnin, littafin bayaninsa zai buɗe nan take. Akwai ƙa'idoji kaɗan da ke hana ciwon kai: babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin sabar, maɓallin Tab na ƙarasa maka sunan da ka fara, kibiyar sama na dawo da umarnin da ka gabatar, Ctrl da C na tsayar da aikin da ya ƙi ƙarewa. Kowane fayil yana ɗauke da izini iri uku, na karantawa da na rubutawa da na gudanarwa, an raba su tsakanin mai shi da ƙungiyarsa da sauran jama'a, kuma chmod ke sauya su. Akwai babban asusu da ake kira root wanda babu ƙofar da ke kulle gare shi, sudo kuma aron ikonsa ne na ɗan lokaci ga wanda aka amince wa. Sai rm, mai share fayil, wanda ba ya tambaya kuma ba ya ajiye abin da ya share a wani kwando.

Yanzu a duba lissafin da ya sa na ce fasahar ta dace da mu. Tagar umarni ta gargajiya tana ɗaukar harafi 80 a layi, layi 24 a allo, wato harafi 1,920, abin da bai kai kilobait biyu ba. Hoto ɗaya na ƙwaryar doya da waya ta ɗauka yakan kai megabait biyu, wato ya fi cikakken allo dubu na rubutu nauyi. Ko an haɗa da ƙarin nauyin da ɓoye saƙo ke jawowa, mai aikin yini guda a kan sabar ba zai ci datar da ɗan gajeren bidiyo ɗaya ke ci ba. A wurin da sabis ya sauka har shafin intanet ya ƙi buɗewa, rubutu na iya wucewa. In layin ya yanke gaba ɗaya, akwai tmux, wadda ke riƙe aikinka yana ci gaba a kan sabar har ka dawo ka tarar da shi inda ka bari, akwai kuma Mosh da aka fitar a MIT a 2012 musamman don masu layi mai zuwa yana ɗaukewa. Wuta ma haka. An ƙaddamar da babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a Lafiya a 2022, amma kowa ya san samun wuta ba dare ba rana har yanzu buri ne a garuruwan jihar. Wanda aikinsa ke cikin kwamfutar tebur ɗinsa, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya. Wanda aikinsa ke kan sabar, wayarsa kawai yake buƙatar ya yi wa caji, nauyin yana can inda wuta ba ta yankewa.

Za a tambaya, to a yi me da ita? Ƙarfin wannan tsari yana cikin haɗa ƙananan umarni su yi babban aiki, ta hanyar wata tsayayyar sanda da ke miƙa amsar umarni ɗaya ga na gaba. A ɗauka ƙungiyar 'yan kasuwa na rubuta kowace mota da ta yi lodi a fayil ɗaya, da rana da garin da ta nufa da yawan ƙwarya. Da grep za a tsamo layukan Fatakwal kaɗai, da sort a jera su, da wc a ƙirga su, duk a layi ɗaya, cikin ƙiftawar ido, ko da fayil ɗin ya tara bayanan shekara goma. Da cron za a sa sabar ta riƙa kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri kowane dare ba tare da wani ya tuna ba. Makaranta na iya ajiye sakamakon ɗalibai haka, asibiti na iya ajiye jadawalin magunguna. Harshe ma yana da rabo. Tsarin UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 shi ya sa haruffanmu masu lanƙwasa ke zama lafiya a fayil, kuma masu binciken da ke koya wa kwamfuta Hausa, irin waɗanda suka haɗa tarin rubutun NaijaSenti a 2022 da 'yan ƙungiyar Masakhane, irin aikinsu bisa al'ada a kan manyan kwamfutocin nesa ake gudanar da shi, ta wannan taga. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, ko na Kwalejin Isa Mustapha Agwai, in yana son shiga wannan fage, nan ce ƙofar.

Suka ta farko da za a kawo ita ce, zamani ya wuce wannan. Kamfanonin hayar sabar suna ba da shafuka masu maɓallai da mutum zai latsa ya kafa gidan yanarsa, tun ƙarshen 2022 kuma manhajoji irin su ChatGPT na rubuta wa mutum duk umarnin da ya nema. Gaskiya ne, kuma ba laifi a yi amfani da su. Amma shafi mai maɓallai yana yin abin da mai ƙera shi ya hango ne kawai; ranar da sabar ta cika, ko wani ya kutsa, ko shafin kansa ya ƙi buɗewa, ba abin da ya rage sai baƙin allo. Manhajar da ke rubuta umarni kuwa ta ƙara wa iya karanta umarni daraja ne, domin wanda ke liƙa abin da bai fahimta ba a kan na'urar da ke riƙe da bayanan jama'a yana wasa da amanar da ba tasa ba. A watan Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, ƙwararre a aikinsa, ya share kusan gigabait 300 na bayanai saboda ya ɗauka yana kan wata sabar alhali yana kan wata, kamfanin ya yi asarar aikin masu hulɗa da shi na kimanin awa shida. In gwani zai faɗa wannan rami, wanda bai san bambancin cp da rm ba fa? Darasin da ke nan shi ne a duba inda ake tsaye kafin a share, a kuma gwada ajiyar ko-ta-kwana kafin ranar buƙata.

Suka ta biyu ita ce harshe: umarnin daga Turanci aka yanko su, saƙon kuskure ma da Turanci yake zuwa. Wannan matsala ce ta gaske, amma ƙarama ce. Gajerun sunaye irin su ls da grep ba sa nufin komai ga Baturen da bai koya ba. Shi ma haddace su yake yi kamar yadda ake haddace lambar banki. Injiniyoyin Sin da Japan da Brazil da waɗannan haruffa suke aiki, bayani kuma suna yin sa da harsunansu. Abin da muka rasa shi ne bayanin da Hausa, daga bakin malamin da ya san aikin, kuma a gari irin Agyaragu inda ƙabilu da yawa suka haɗu a kan Hausa, darasin da aka yi da ita zai isa ga ɗan Migili da ɗan Eggon kamar yadda zai isa ga Bahaushe. Saƙon kuskure da sabon shiga ke cin karo da su ba su wuce 'yan kaɗan ba: ba a sami fayil ba, ba ka da izini, ba a san wannan umarni ba, layi ya ƙi haɗuwa. Mako biyu sun isa a saba da su.

Suka ta uku ta fi nauyi, wato kuɗi. Ƙaramar sabar ta haya tana kamawa kusan dala biyar a wata. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, wannan bai kai naira 2,500 ba; a 2024 da dala ta haura naira 1,500 ya zarce naira 7,000, ga kuma wahalar da aka sha ta biyan kuɗin waje da katin naira. Ba zan ce wannan ba komai ba ne ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota. Amma a tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiri tsarin tun farko: don mutane da yawa su raba na'ura ɗaya. Sabar ɗaya ƙarama na iya ɗaukar asusun ɗalibai talatin masu koyo, kowa ya biya abin da bai kai kuɗin kati na rana ba. Ba ma dole sai an yi haya ba. Tsohuwar kwamfutar cinya da aka jingine saboda ta gaza ɗaukar sabon Windows, in aka sa mata Linux aka haɗa ta da ƙaramar na'urar rarraba layi, ta zama sabar ajin, wayoyin ɗalibai su shiga ta ba tare da an taɓa data ba. Hakan na da wata fa'ida kuma. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a Najeriya da maƙwabtanta, bankuna suka yi ta tangarɗa. Wanda ya iya kafa sabar a ɗakin da yake zaune ba ya rasa komai nasa a irin wannan rana.

Akwai kuma tsoron da iyaye ba sa faɗa a fili: yaron da ke ƙura wa baƙin allo ido cikin dare, kada dai ɗan damfara ne. Finafinai sun taimaka wajen dasa wannan zato, kuma wasu matasa sun sha tambayoyi a kan hanya saboda kwamfutar da ke jakarsu. Amma damfarar da ta addabi jama'a galibi da zaƙin baki ake yin ta, a kira mutum a waya a ce daga banki ne a karɓe masa lambar sirri. Ba ta buƙatar sanin layin umarni ko kaɗan. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, ya kamata kuma duk malami ya faɗi haka a ranar farko. Wanda ya koyi kula da sabar shi ne ke duba kundin shiga ya ga baƙin adireshi na gwada kalmar sirri dare da rana, ya rufe shiga da kalmar sirri ya koma mabuɗi, ya sabunta manhaja kafin a samu ɓaraka. Tun da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanai alhakin tsare su, kowace makaranta da asibiti da ƙaramin banki na buƙatar irin wannan mutum, kuma in babu shi a gida sai an ɗauko shi daga Abuja da tsada.

Mai hankali zai iya cewa a ƙarshe, Agyaragu ta fi buƙatar tsaro da rumbun da doya ba za ta ruɓe ba da taki mai araha fiye da sabar. Ban musa ba, ban kuma ce layin umarni zai warware ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta. Shekara ashirin da 'yan kai na wayar salula sun kawar da shingayen da suka hana gari irin wannan shiga: layi ya zo, na'urar tana aljihu, manhajar kyauta ce, sabo da rubuta umarni kuma kasuwa ta riga ta dasa shi. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗakuna cike da kwamfutoci da aka haɗa da juna sun samu a jihar nan, kuma jarrabawar makonni kaɗan take ɗauka a shekara. Shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha da aka ƙaddamar a 2023 ya nuna akwai niyya a sama. Abin da ya rage shi ne shugaban makaranta ko mai cibiya ya ware na'ura ɗaya, ya buɗe wa kowane ɗalibi asusu, ya samo malamin da zai yi bayani da harshen da ɗalibai ke tunani da shi, na tsawon zango ɗaya. Ba duk ɗaliban za su zama masu kula da sabar ba, kamar yadda ba duk wanda ya koyi lissafi ke zama akanta ba. Amma in biyu ko uku suka fito daga kowane aji, cikin 'yan shekaru bayanan kasuwa da na makarantu da na asibitocin yankin za su kasance a hannun 'ya'yan yankin, kuɗin kula da su kuma za su tsaya a gida.